Tambayoyin Masu Karatu: Wanda Ya Ce Zai Kai Shagonka Sahun Farko a Google Cikin Mako Biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan ɗaki a kan titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, kuma muna da wurin aiki a Panteka inda kafintocinmu suke haɗa gadaje da kujeru da durowoyi. Bara ɗana ya sa aka buɗe mana shafin intanet, amma har yau ban ga cinikin da zan ce ta nan ya shigo ba. Kwanan nan wani kamfani ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa idan na biya naira 350,000 za su sa shafina ya zama na farko a Google cikin mako biyu. Sun ce akwai garanti, sun ce suna da mutum a cikin Google, har sun turo mini hotunan wasu shafuka da suka ce su ne suka kai su sama. Kafin in tura kuɗin na ce bari in nemi shawara. Shin wannan aiki gaskiya ne, kuma ta yaya mutum zai bambance na ƙwarai da na banza?

Daga wani Alhaji mai kayan ɗaki, Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka tura wa waɗannan mutane ko sisin kwabo, kuma zan bayyana dalili dalla-dalla, domin kada hujjar ta tsaya a kan cewa ni ne na faɗa.

Aikin kansa gaskiya ne. Akwai masu sana'ar gyara shafin intanet domin ya riƙa fitowa da wuri idan mutane suka yi bincike, masu harkar suna kiranta SEO, kuma a cikinsu akwai ƙwararru masu cin halalinsu. Inda matsalar take shi ne alƙawarin da aka yi maka, domin abin da suka ce za su sayar maka ba a hannunsu yake ba. Google yana da manhajoji da suke zagaya shafukan duniya dare da rana suna karanta abin da ke cikinsu suna ajiyewa, kuma duk sanda wani ya rubuta abin da yake nema, kwamfutocin kamfanin ne suke auna shafukan nan take su jera su. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin a shekarar 1998, ɗaya daga cikin manyan ma'aunansa shi ne yawan shafukan da suke nuni zuwa ga shafinka, wato suka sa linkin da idan aka latsa zai kai mutum wurinka, da kuma darajar waɗannan shafukan, sannan a tsawon shekaru aka ƙara ma'aunai masu yawa a kai: ko abin da aka rubuta ya amsa bukatar mai nema, ko shafin yana buɗewa da kyau a waya, da kuma inda mai binciken yake tsaye a lokacin. Ana sauya waɗannan ma'aunai a kai a kai, manyan sauye-sauye ma sau da dama a shekara. Saboda haka babu wani ma'aikaci da ke zaune a ofis da za a haɗa baki da shi ya ɗaga shagon wane ya sauke na wane.

Shi kansa Google ya rubuta wannan ƙarara a cikin shawarwarin da yake bai wa masu shafuka: babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma a yi hattara da duk wanda ya yi iƙirarin yana da wata alaƙa ta musamman da kamfanin, ko wanda ya turo saƙon talla ba tare da an neme shi ba. Abubuwa ukun nan duka suna cikin saƙon da aka turo maka. Haka nan kamfanin ya taɓa bayyana cewa galibi akan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda daga lokacin da aka fara gyara kafin a soma ganin amfaninsa, wanda ya yi hannun riga da batun mako biyu.

Wataƙila ka ce to ai sun ba da garanti, idan ba su cika ba sai su maido da kuɗi. A nan ne ya kamata a natsu, domin yawancin masu irin wannan alƙawari suna da hanyar da za su nuna maka sun cika shi ba tare da ka ƙaru da komai ba. Mafi sauƙi a wurinsu shi ne su zaɓi kalmomin da babu mai nemansu. Bayan mako biyu sai a ce ka rubuta cikakken sunan shagonka haɗe da Kaduna, ko kuma wata doguwar jimla kamar "gadon katako mai durowa huɗu na Panteka mai rahusa", sai ka ga shafinka a sama, ka yi murna. Amma wanda ya rubuta sunan shagonka ai ya riga ya san ka, ita kuwa doguwar jimlar babu wanda yake takara da kai a kanta saboda babu wanda yake rubuta ta. Mutumin da kake son ya same ka shi ne uban amarya da yake zaune a Malali ko Barnawa, bai taɓa jin sunanka ba, ya ɗauki waya ya rubuta cewa yana neman kayan ɗaki a Kaduna. A kan irin waɗannan kalmomi ne ake gogayya, kuma su ne ba za a ambata a cikin garantin ba.

Wata hanyar ita ce su ɗebi wani kaso na kuɗinka su sayi talla a Google. Tallan yakan fito a can saman sakamakon bincike, da ƙaramar alamar Sponsored a kansa, wanda bai lura ba sai ya ɗauka shafin ne ya hau da ƙarfinsa. Sayen talla halal ne kuma yana da amfaninsa, ana biya ne gwargwadon yawan waɗanda suka latsa, amma ranar da kuɗin ya ƙare ranar sunanka zai ɓace, kuma bai ƙara wa shafin komai ba a jerin da ba na kuɗi ba. Idan talla kake so, sai ka saya da saninka, ka ga lissafin ko nawa aka kashe.

Hanyar da ta fi haɗari ita ce sayen mahaɗai, wato su biya a zuba dubban linki masu nuni zuwa shafinka a wasu shafukan banza da aka ƙirƙira don wannan kawai, domin a yaudari ma'aunin da na ambata a sama. Wannan ya saɓa wa dokokin Google, kuma akwai misalin da ya dace da sana'arka. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kamfanin J.C. Penney, ɗaya daga cikin manyan kantunan Amurka, ya shafe watanni yana fitowa na ɗaya a kan kayayyaki da dama ta hanyar irin waɗannan mahaɗai na saye. Da Google ya ɗauki mataki, a kan kalmomin neman kujerun falo kantin ya faɗo daga na 1 zuwa na 68 cikin sa'o'i kaɗan. Kamfanin ya ce bai san abin da ake yi da sunansa ba, ya kuma sallami waɗanda ya ɗauka aikin, amma hukuncin a kansa ya sauka, ba a kansu ba. Kafin nan, a 2006, an taɓa cire shafin kamfanin motoci na BMW na ƙasar Jamus daga bincike na ɗan lokaci saboda wata dabarar ta daban. A watan Afrilun 2012 kuma Google ya fito da wani sauyi mai suna Penguin domin farautar mahaɗan bogi. A yau yawancin irin waɗannan mahaɗai watsi ake yi da su, ka ga an yi asarar kuɗi ke nan, idan kuma abin ya yi yawa shafin yana iya shan hukunci. Kamfanonin da na ambata suna da lauyoyi da ma'aikatan da za su gyara ɓarnar, amma mai shago ɗaya a Kaduna shi kaɗai zai sha wahalar.

Su kuwa hotunan da aka turo maka ba hujja ba ne. Sakamakon bincike yana bambanta daga wuri zuwa wuri, wanda yake Kawo da wanda yake Sabon Tasha suna iya rubuta abu guda su ga jeri daban, balle a ce hoton fuskar waya ne wanda kowane yaro zai iya gyarawa. Kuma ko da shafukan suna sama da gaske, babu abin da ya nuna su ne suka kai su.

Yanzu sai batun yadda ake gane na ƙwarai. Abu na farko da nake dubawa shi ne ko mutumin yana yin tambaya. Wanda ya san aikinsa ba zai faɗi farashi ba sai ya san su wane ne masu sayen kayanka, ko kana kai kaya Zariya da Abuja, wane lokaci ne na shekara aka fi bukukuwan aure, da kuma ko gadaje ne suka fi kawo maka riba ko kujerun ofis. Zai nemi ya duba shafin tukuna ya kawo maka a rubuce abin da ya gani da abin da zai gyara. Idan ka tambaye shi me zai yi a watan farko da na biyu, zai yi maka bayani da Hausar da za ka gane, wanda kuwa ya ce maka sirrin sana'a ne ba a faɗa, to a nan maganar ta ƙare, domin duk abin da za a yi a shafin da sunanka za a yi shi. Ka nemi ya haɗa ka da 'yan kasuwa biyu ko uku da ya yi wa aiki, zai fi kyau a ce a cikin garin nan suke, ka taka da ƙafarka ka tambaye su ko ciniki ya ƙaru. Ka sa ɗanka ya duba sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wanda kowa zai iya bincikawa. Rajista ba ta tabbatar da gaskiyar mutum, amma rashinta ga mai kiran kansa kamfani abin lura ne.

Sai abin da na fi jin tsoro a kansa, domin shi ne ya fi jefa 'yan kasuwarmu cikin damuwa: mallakar makullai. Adireshin shafin, da wurin da aka ajiye shi, da imel ɗin da aka yi rajista da shi, duk su kasance da sunanka ko na kasuwancinka. Google yana da wata manhaja ta kyauta mai suna Search Console da take nuna wa mai shafi kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan shi, da sau nawa ya bayyana, da sau nawa aka latsa. A buɗe ta da imel ɗinka, kai ne mai ita, shi kuma ma'aikacin a ba shi izinin shiga wanda za ka iya janyewa duk ranar da kuka rabu. Kamar dai yadda kake bai wa yaron shago makulli ne, ba ka mayar da takardar shagon da sunansa. Da wannan manhaja kai da kanka za ka ga ko aikin yana tafiya, ba sai ka dogara da rahoton da shi ya rubuta ba. Idan ya zo maka da wani maki da ake kira DA yana cewa ya ɗaga shi daga kaza zuwa kaza, ka sani cewa wannan ma'aunin wani kamfani ne mai suna Moz, Google ba ya aiki da shi. Ma'aunin da ya shafe ka shi ne mutum nawa suka kira waya ko suka shigo shago, don haka ka sa yaranka su riƙa tambayar duk sabon mai saye inda ya ji labarinku, a rubuta a littafi. A yi yarjejeniya a rubuce, a biya kashi-kashi bisa aikin da aka gani.

Kafin ma ka ɗauki kowa, akwai abin da za ku iya yi kai da ɗanka ba tare da biyan ko kwabo ba, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci ga shago irin naka. Ku yi rajistar shagon a Google Business Profile, wanda shi ne yake sa kasuwanci ya fito a taswira da lambar waya da hotuna. Google ya bayyana cewa a irin wannan bincike na cikin gari abubuwa uku yake dubawa: dacewar shagon da abin da aka nema, da kusancinsa ga mai nema, da kuma yadda aka san shi. Ku sa adireshi daidai, da lokacin buɗewa da rufewa har da sa'o'in da kuke tafiya Juma'a, da hotunan kayan da kuka haɗa da hannunku maimakon waɗanda aka kwaso daga shafukan Turkiyya. Sannan ka karɓi wayar ɗaya daga cikin yaran shagon, ba babbar wayarka ba, ka buɗe shafin naka da data ka gani. Idan hotuna sun yi nauyi har sai an daɗe ana jira, ko babu farashi ko da na kusa, ko sai an sha wahala kafin a ga lambar waya, to ka gano wani ɓangare na dalilin da ya sa ciniki bai zo ba, kuma gyaran wannan ba zai kai ko kusa da naira 350,000 ba.

TAMBAYA: Malam, ni na riga na faɗa tarkon. Ina sayar da turaren wuta da humra daga gida, na biya wani saurayi ya yi mini wannan aikin. Da farko shafina ya riƙa fitowa, daga baya ya ɓace gaba ɗaya. Yanzu ba ya ɗaukar wayata sai ya ga dama, kuma da na ce ya ba ni kalmar sirrin shafin sai ya ce sai na ƙara kuɗi. Mene ne mafita?

Daga wata Hajiya, Unguwar Rimi

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Matsaloli biyu ne suka haɗu a nan, kuma na makullin ya fi gaggawa, domin ba za a iya gyara shafin da ba a iya shiga ba.

Ki fara da tattara hujja: rasit ko shaidar tura kuɗi ta banki, da duk hirar da kuka yi ta waya, kada ki goge ko ɗaya. Sannan ki sa wani mai sani ya duba miki kamfanin da aka yi rajistar adireshin a wurinsa da kuma ranar da rajistar za ta ƙare, domin adireshin shafi haya ake yi shekara-shekara, idan wa'adin ya wuce ba a sabunta ba wani yana iya ɗauke shi. Idan adireshin naki yana ƙarewa da .ng ko .com.ng, ƙungiyar NiRA ce take kula da su ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma za ki iya rubuta wa kamfanin da abin ya shafa ki gabatar da hujjarki. Gaskiyar magana ita ce idan da sunansa ya yi rajistar, lamarin yakan yi wuya, don haka nake ganin a fara bi ta hannun wani babba da yake jin nauyinsa, a zauna a yi sulhu, a mayar da komai da sunanki a gaban shaidu, a sauya kalmomin sirri a wurin. Idan ya ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da take karɓar ƙorafi, idan kuma abin ya nuna zamba ce tun asali to maganar 'yan sanda ce ko EFCC. Ki kuma auna: idan shafin bai daɗe ba kuma yawancin masu sayenki ta Instagram da WhatsApp suke zuwa, buɗe sabon adireshi da sunanki yana iya fin sauƙi a kan jayayya.

Idan makullin ya dawo hannunki, a buɗe Search Console a duba sashen da Google yake sanar da hukunci. Idan akwai hukunci za a ga dalilinsa a rubuce, sai a gyara abin da aka ambata a nemi a sake duba shafin, wanda yakan ɗauki kwanaki ko makonni. Akwai kuma hanyar da Google ya samar tun 2012 ta barranta daga mahaɗan banza, amma a bar wa wanda ya iya, domin wanda bai iya ba yana iya barranta daga masu amfani. A kuma bincika ko an ɓoye wasu shafuka a cikin naki, na caca ko na magunguna, domin wasu suna amfani da shafin wanda ya ba su amana wajen tallata na wasu. Idan ba a ga hukunci ba kuma ba a ga ɓoyayyen abu ba, mai yiwuwa talla ce ya saya miki da farko ta ƙare, ko kuma an yi watsi da mahaɗan da ya zuba shafin ya koma matsayinsa na asali.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ina da makarantar firamare da Islamiyya mai zaman kanta. Wani ya ce zai zuba mana rubuce-rubuce 200 a shafinmu cikin mako guda ta amfani da fasahar AI, wato manhajar da take yin rubutu da kanta, ya kuma samo mana mutum 100 da za su ba mu taurari biyar a Google. Farashinsa da sauƙi. In karɓa?

Daga wani malamin makaranta, Rigasa

AMSA: Malam, kada ka karɓa. A watan Maris na 2024 Google ya fito da doka a kan tara rubuce-rubuce masu yawa waɗanda ba a yi su don amfanin mai karatu ba sai don a hau bincike, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura, kuma abin da aka yi maka tayi ya faɗa cikinta kai tsaye. Su kuwa taurarin saye, ban da cewa Google yana goge su kuma yana iya taƙaita bayanan makarantar, shaida ce daga mutanen da ba su taɓa taka ƙofar makarantar ba, ana nufin iyaye su dogara da ita wajen zaɓar inda za su kai 'ya'yansu, kuma kai ka fi ni sanin matsayin irin wannan shaida.

Abin da iyaye suke nema a shafin makaranta bai fi shafi biyar ko shida ba: kuɗin makaranta na kowane zango, da lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai da takardun da ake bukata, da darussan boko da na addini, da ko akwai motar ɗaukar yara da unguwannin da take bi, da hotunan azuzuwa kamar yadda suke. Ku rubuta waɗannan da kanku, da Hausa da Turanci, ku riƙa sabunta su kowane zango. A taron iyaye da malamai na gaba kuma ka roƙi waɗanda 'ya'yansu suke makarantar su rubuta ra'ayinsu na gaskiya a Google, ba tare da an ba su komai ba, idan wani ya kawo ƙorafi a amsa masa da ladabi a wurin da kowa zai gani, a kuma faɗi abin da aka yi a kai.